Fulorida, Meriland, Kalifoniya ko Teksas: a ina dokar asusun gyara ta fi kare mai sayen kondo?

Wani ƙanina ne ya kira ni kwanaki, matarsa nas ce, ta samu tayin aiki wuri uku a Amurka, ɗaya a gefen Silver Spring a Meriland, ɗaya a Tampa a Fulorida, ɗaya a Houston a Teksas, kuma duk inda suka sauka suna so su sayi kondo su huta da haya. Ya turo min hotunan gidaje uku da ya gani a intanet yana murna, wai Yaya duba na Houston ɗin nan, kuɗin watansa bai kai rabin na Tampa ba. Na ce masa toh, araha dai ba ta ado, ka tambaye su rizab stadi? Ya ce mene ne kuma wannan. Nan na gane da yawanmu haka muke shiga cinikin nan, mu duba kicin, mu duba banɗaki, mu duba nisan masallaci da makarantar yara, amma takardar da za ta gaya mana ko nan da shekara uku za a turo mana bil na dala dubu ashirin ko ba za a turo ba, ko sunanta ba mu sani ba.

A taƙaice abin shi ne, in ka sayi kondo ɗakunanka kaɗai ne naka kai ɗaya, amma rufin ginin, lifta, bututan ruwa, garejin motoci, fenti na waje, duk na tarayya ne, ku ne za ku gyara ta hannun ƙungiyar masu gida. Kuɗin da kake biya duk wata kashi biyu ne, na cefanen yau da kullum kamar shara da inshora da mai yankan ciyawa, sai kuma wanda ake ajiyewa a asusun gyara domin manyan abubuwa. Shi rizab stadi, ni ina ce masa binciken asusun gyara, shi ne a ɗauko ƙwararre ya zagaya ginin ya lissafa kowane babban abu, shekara nawa ya rage masa, nawa za a kashe a canza shi, sannan ya ce ga abin da ya kamata ku riƙa ajiyewa.

Bari in nuna maka da misali na lissafi kawai, don sai da shi sauran maganar za ta zauna. Gini mai gida 40, rufinsa yana shekara 25, canza shi dala 400,000. In tun ranar farko ake tarawa, kowane gida dala 33 da ƴan kai ne a wata, ba wanda zai ji a jikinsa. To a ce rufin ya yi shekara 20, kamata ya yi a ce akwai 320,000 a ajiye, sai aka buɗe asusu aka tarar da 80,000, wato kashi 25 cikin ɗari na abin da ya dace. Saura shekara biyar, ana neman 320,000 kafin a kai kuɗin rufin. Ko dai a ƙara wa kowa kusan dala 133 a wata tun yanzu, ko a yi shiru ranar da ruwa ya fara zuba a raba wa kowa takardar dala 8,000. Wannan takardar ita suke kira sifeshal asesmen, karo-karon dole kenan, kuma in ka ƙi biya ƙungiya na iya ɗora wa gidanka alamar bashi har ta kai ga gwanjo. Kai da ka shigo bara, kai za ka biya rufin da wasu suka sha inuwarsa shekara ashirin suka sayar suka tafi. Masu wannan sana'a suna ɗaukar kashi 70 zuwa sama a matsayin asusu mai ƙarfi, ƙasa da 30 kuwa mai rauni.

Gwamnatin tarayya ba ta da doka a kan wannan, kowace jiha da tata. Abubuwan da nake aunawa su ne: shin binciken dole ne, kuma duk shekara nawa, in an yi shi, dole ne a zuba kuɗin da ya ce ko kuwa takarda ce kawai a durowa, wannan shi ne uwa uba, waye ke da izinin yin sa, kuma akwai injiniya da ke duba ƙashin ginin ko lissafi ne kawai, me doka ta ce a nuna wa mai saye kafin ya sa hannu, sai kuma tasirinsa a aljihu, kuɗin wata da haɗarin karo-karo. Na ƙara da ɗaya da mutane ba sa kawowa, ita kanta dokar ta zauna ko kullum canza ta ake.

Fulorida

Dole a fara da ita don daga nan komai ya tashi. Ranar 24 ga Yuni 2021 wani bene mai hawa 12 mai suna Champlain Towers South a garin Surfside kusa da Mayami ya rufta cikin dare, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa akwai babbar ɓarna a kankaren ƙarƙashin wurin ninƙaya, aka yi ta ja-in-ja kan kuɗi, sai a 2021 aka amince da karo-karon kusan dala miliyan 15, ba a kai ga yin aikin ba ginin ya sauko. Kafin lokacin dokar jihar ta bai wa masu gida damar su kaɗa ƙuri'a duk shekara su yafe wa kansu zuba kuɗi a asusun gyara, kuma da yawa haka suke yi, musamman ƴan fansho da ke ganin me zai sa in tara wa rufin da ba lallai in ga canjinsa ba.

A Mayun 2022 aka sa hannu kan wata doka mai lamba SB 4-D. Duk ginin kondo mai hawa uku zuwa sama dole ya yi wani bincike na musamman da ake kira SIRS duk shekara 10, wanda ya shafi rufi, ƙashin gini, kayan kashe gobara, famfo, wayarin wuta, abin hana ruwa shiga da fentin waje, tagogi da ƙofofin waje. Wanda zai duba da ido sai injiniya ko mai zanen gini mai lasisi, ko ƙwararren asusun gyara mai shaidar sana'a. Babban abin shi ne duk kasafin da aka zartar daga 31 ga Disamba 2024 ba a isa a yi ƙuri'ar yafe kuɗin waɗannan abubuwan ba. Bayan haka akwai duban lafiyar gini daban idan ya cika shekara 30, a maimaita duk shekara 10, kuma ƙaramar hukuma na iya cewa tun shekara 25 in wurin na kusa da ruwan gishiri.

A takarda wannan ita ce mafi tsauri, amma fa a aljihu ita ce mafi zafi a yanzu, domin bashin shekara talatin ne ake biya a ƴan shekaru, ga inshorar guguwa da ta yi tashin gwauron zabo a lokaci guda. Kuɗin watan da ƙanina ya gani a Tampa ya tsorata, galibi abin da ke cikinsa kenan. Kuma dokar ba ta zauna ba, an taɓa ta a 2023, an taɓa a 2024, sannan a 2025 HB 913 ta ɗaga wa'adin kammala SIRS zuwa 31 ga Disamba 2025, ta ba da damar a dakatar da zubi na kasafi biyu a jere in ana gyaran da duban gini ya nuna, ta kuma yarda a cike asusun da bashin banki ko karo-karo in masu gida sun amince. Wannan na bashin ku lura da shi ku masu gudun riba, ka wahala ka nemo kamfanin musharaka ka sayi gidanka ba ruwa, sai ƙungiya ta ciyo bashi mai ruwa a raba muku biyansa a kuɗin wata.

Ta ɓangaren mai saye kam ta yi ƙoƙari, dole a ba ka kwafin SIRS da taƙaitaccen rahoton duban gini, kuma tun 2025 kana da kwana bakwai na aiki ka janye bayan ka karɓi takardun, a da can kwana uku ne. Tarko ɗaya dai, duk wannan tsaurin na kondo ne da makamantansa masu hawa uku zuwa sama. Gini mai hawa biyu, ko unguwar gidaje ƙarƙashin HOA, wato ƙungiyar masu gidajen unguwa, dokar SIRS ba ta kansu.

Meriland da Bajiniya

Waɗannan na haɗa su ne saboda mutanenmu na yankin Washington kogi ɗaya ne ya raba musu su, mutum na aiki a wannan yana kwana a waccan, amma dokokin ba ɗaya ba ne.

Bajiniya ta daɗe da dokarta, bincike aƙalla duk shekara biyar, kwamitin da ke tafiyar da ƙungiyar masu gida ya sake duba sakamakon duk shekara ya daidaita kasafi, kuma ta shafi kondo da HOA duka. Takardun da ake bai wa mai saye sun haɗa da binciken ko taƙaitawarsa. Sai dai ba ta kafa wani adadi ko wa'adi ta ce dole asusu ya kai kaza ba, ta bar wa kwamiti ya yi abin da ya ga ya dace. Doka ce mai sanyi, ba ta girgiza kowa ba, ingancinta ya dogara da irin mutanen da ke kwamitin ginin.

Meriland kuwa ta bi a hankali, ta fara da gundumar Prince George's a 2020, Montgomery a 2021, sai HB 107 ta game jihar duka daga 1 ga Oktoba 2022. Ita ma duk shekara biyar ne, amma ta ƙara abubuwa biyu masu nauyi. Na farko ba kowa ke yin binciken ba, sai injiniya ko mai zanen gini mai lasisi, ko mai shaidar sana'ar, ko wanda ya yi irinsa aƙalla 30 cikin shekara uku da suka wuce. Na biyu dole kasafi ya kai matakin zubin da binciken ya ce, kuma an bai wa kwamiti ikon ƙara kuɗin wata ko da tsarin mulkin ƙungiyar ya sa iyaka. Da farko shekara uku aka bayar a kai matakin, mutane suka yi kuka, a 2025 aka mayar da shi biyar tare da ƴar ƙofar sassauci ga ƙungiyar da ke cikin matsi.

Ma'anar wannan ga mai saye a Silver Spring ko Hyattsville ita ce, kuɗin watan da ka gani a talla wataƙila yana tsakiyar hawa ne, bai kai inda za shi ba. Kar ka tambayi nawa ne yanzu kawai, ka tambayi nawa binciken ya ce a zuba, nawa ake zubawa, shekara ta nawa ake ciki a wa'adin. Kana da kwana bakwai ka fasa bayan an ba ka takardun kondo, na HOA kwana biyar. Abin da Meriland ba ta da shi a matakin jiha shi ne irin duban ƙashin gini na dole da Fulorida ke yi, lissafin kuɗi ne ta kama da ƙarfi. Ni dai a cikin duka ita ta fi kwanta min ga mai albashi, saboda zafin nata a rarrabe yake zuwa.

Kalifoniya

Nan jihar takarda ce. Dokar Davis-Stirling ta ce aƙalla duk shekara uku a duba manyan kayan gini da ido, duk shekara a sake bitar lissafin, a saka duk abin da ya rage masa ƙasa da shekara 30. Duk shekara kowane mai gida na samun rahoton da ke nuna kashi nawa asusun ya cika, giɓin nawa ne a kan kowane gida, da ko ana hasashen karo-karo. Mai sayarwa dole ya miƙa maka waɗannan. Cire kuɗi daga asusun sai da sa hannun mutum biyu, in an ara don wata buƙata a mayar cikin shekara. Bayan baranda ta faɗo da ɗalibai a Berkeley a 2015, an yi SB 326 da ta tilasta duba barandu da matakalan katako na sama, zagayen farko zuwa 1 ga Janairu 2025, sannan duk shekara tara.

Duk da wannan, babu layi ɗaya da ya ce dole a cika asusun. Ƙungiya na iya rubuta maka ƙarara cewa kashi 18 muke da shi, ta aiko maka a ambulan, kuma ba ta karya doka ba. Ga wani abu kuma, kwamiti ba ya iya ƙara kuɗin wata sama da kashi 20 a shekara, ko ya sa karo-karon da ya wuce kashi 5 na kasafin shekara, sai da ƙuri'ar masu gida, in ba larurar gaggawa ba. Kana jinsa kamar kariya, kuma kariyar ce ga aljihunka na bana, amma shi ne ke sa ginin da ya faɗa rami ya daɗe bai fito ba, don wa zai kaɗa ƙuri'ar a ƙara masa kuɗi. Kenan Kalifoniya ba ta hana a sayar maka da matsala, ta dai hana a ɓoye maka ita. Wanda ya iya karatun takarda ya more, wanda ke sa hannu a gaggauce kuwa ba abin da ta tsinana masa.

Nebada maƙwabciyarta ta fi ta haƙora, in akwai mai duba Las Vegas. Bincike duk shekara biyar, bita duk shekara, mai yin sa sai mai rajista da hukumar gidaje ta jihar, doka ta ce a tanadi isasshen asusu, kuma kwamiti na iya sa kuɗin cike shi ba tare da neman ƙuri'ar kowa ba. Can kuma kar ka yi wasa da bashin ƙungiya, kuɗin wata tara nata yana gaban na bankin da ya ba ka bashin gida.

Teksas, da su Jojiya da Niyu Yok

Teksas ba ta tilasta binciken ba, ba ta tilasta zubi ba. Abin da ke akwai shi ne takardar shaidar sayarwa da ƙungiya ke bayarwa, wadda ke faɗin nawa ke asusun da manyan ayyukan da aka amince da su nan kusa. To amma a ce maka akwai dala 150,000 a asusu, ba tare da binciken da zai gaya maka ko ana buƙatar 200,000 ko miliyan biyu ba, me ka sani? Cinikin biri a sama kenan.

Ba wai duk ginin Houston ko Dallas a lalace yake ba, akwai ƙungiyoyi masu tsari da ke yin binciken don ra'ayin kansu, wasu tsarin mulkinsu ma ya wajabta musu. Matsalar ita ce nauyin tantancewa ya dawo kanka kai kaɗai, a jihar da ta ga ambaliyar Harvey a 2017 da sanyin Fabrairun 2021 da ya farfasa bututai, ga ƙanƙara da ke cin rufi. Na taɓa raka wani aboki duba kondo a irin wannan jiha, dillalin sai nanata mana yake cewa shekara takwas ba a ƙara kuɗin wata ba, yana faɗa kamar abin alfahari. Muka sauka gareji, ga bokitin fenti an ajiye ƙarƙashin wani bututu yana ɗiga, ga jan tsatsa ya zubo a jikin ginshiƙi, wani wuri kankaren ya ɓare har rodi ya fito. Muka nemi binciken asusu aka ce ba a taɓa yi ba, muka nemi rahoton zaman kwamiti, a na wata huɗu baya muka ga ana muhawarar neman farashin gyaran garejin. Shekara takwas ba ƙari a ƙasar da komai ya yi tsada, ai ba gwaninta ba ce, wani ake jira ya zo ya biya.

Jojiya haka take, ba dokar bincike. Niyu Yok ma, inda ƴan'uwanmu na zango da na Nijar suka cika Bronx, jihar ba ta wajabta binciken asusun gyara ba, duk da birnin na tilasta duba bangon waje na duk ginin da ya wuce hawa shida duk shekara biyar, kuma wannan duban kan haifar da manyan kuɗaɗe. Tsallaken kogi kuwa Niyu Jazi ta yi doka a Janairun 2024, bincike duk shekara biyar da tsarin zubi na shekara 30, haɗe da duban injiniya ga gine-ginen kankare da ƙarfe. Mai tunanin barin Bronx ya koma Newark ya san ya canza doka ba unguwa kaɗai ba.

| Jiha | Bincike dole? | Zubi dole? | Kuɗin wata | Haɗarin karo-karo |
|---|---|---|---|---|
| Fulorida, hawa 3 zuwa sama | E, duk shekara 10 | E, ga kayan SIRS | Mai zafi | Babba a tsohon gini, ƙarami in an gama gyara |
| Meriland | E, duk shekara 5 | E, cikin wa'adi | Yana hawa | Yana raguwa |
| Bajiniya | E, duk shekara 5 | Ba adadi tsayayye | Matsakaici | Ya danganta da kwamiti |
| Kalifoniya | E, duk shekara 3 | A'a | Ya bambanta sosai | Akwai, amma a rubuce yake |
| Nebada | E, duk shekara 5 | E, isasshe | Matsakaici | Matsakaici |
| Niyu Jazi | E, duk shekara 5 | E | Yana hawa | Yana raguwa |
| Teksas, Jojiya, Niyu Yok | A'a | A'a | Kan yi sauƙi a ido | Ba ka sani ba sai ka tona |

Layukan kuɗi da haɗari ra'ayina ne bisa yadda dokokin ke aiki, gini biyu a titi ɗaya na iya bambanta kamar sama da ƙasa.

Akwai wata ƙa'ida da ba dokar jiha ba ce amma tana bin ka ko'ina, ita ce ta Fannie Mae da Freddie Mac, cibiyoyin da ke sayen babban kaso na bashin gidaje a Amurka daga hannun masu bayar da shi. Sun daɗe suna neman a ware aƙalla kashi 10 na kasafi ga asusun gyara, kuma bayan Surfside suka daina karɓar bashi a ginin da ke da babban gyara na haɗari da ba a yi ba. Wannan ya shafe ka sau biyu, ranar saye da ranar sayarwa, domin in ginin ya faɗa wannan layin sai mai tsabar kuɗi ne zai saya daga hannunka, shi kuma zai taya ka a wulaƙance. Kamfanonin musharaka da murabaha ma da yawansu da waɗannan cibiyoyin suke hulɗa, ka tambaye su tun farko ko ginin ya cika sharaɗi. Kuma kashi 10 ɗin nan kar ya ruɗe ka, ƙasan ƙasa ne, tsohon gini mai lifta da gareji ba zai rayu a kansa ba.

To wa ya dace da ina. In kai mai albashi ne da ka zuba duk abin da ka tara a kuɗin kafin alƙalami, ba ka da dala dubu goma a gefe, ga kuɗin da kake aikawa gida duk wata, abin da zai kashe ka shi ne bil na bazata ba ƙarin dala ɗari a wata ba. Meriland, Niyu Jazi ko Nebada sun fi dacewa da kai, ka saka ƙarin da ke tafe a lissafinka tun yanzu. In Fulorida aiki ya kai ka, nemi ginin da ya riga ya gama SIRS da duban gini, an yi gyaran, an biya karo-karon ko mai sayarwa zai biya ragowar ranar rufe ciniki, a rubuta hakan a yarjejeniya. Irin wannan ginin kuɗin watansa da tsada amma gaskiya yake faɗa, kuma tsohon bene a bakin teku da farashinsa ya faɗi warwas ba tare da takardun nan ba, bar shi ga masu tsabar kuɗi da suka iya caca. Wanda ya iya zama da takarda shafi sittin ya bi layi-layi, Kalifoniya da Bajiniya sun ba shi duk abin da yake buƙata, ya nemi kason cika, ya duba abubuwan da suka rage musu shekara biyar zuwa ƙasa, ya raba kuɗinsu da yawan gidaje. Mai niyyar zama shekara uku ya sayar ya koma gida ko wata jiha, shi ya fi kowa buƙatar duba maganar Fannie Mae, don fitarsa ta dogara da bashin wanda zai saya.

Teksas da ire-irenta kuwa sai mai ajiya a gefe, ko wanda zai tsaya kai da fata sai an nuna masa bincike na shekara uku zuwa biyar da suka wuce, kasafin bana, da rahoton zaman kwamiti na shekara guda, in an ce babu ya juya. A Houston ma sau da yawa kuɗin kondo da kuɗin watansa in ka haɗa sun kusa kai ka ga ƙaramin gida mai zaman kansa a bayan gari, inda rufin naka ne kai kaɗai kuma kai ke yanke ranar canza shi. Shi ƙanin nawa abin da na ce masa kenan, ya aika wa dillalan nan uku saƙo iri ɗaya yana neman takardun nan uku. Na Meriland ya turo washegari, na Tampa ya turo SIRS mai kauri da takardar karo-karon da saura biya shida, na Houston har yau yana cewa zai tambayi manajan ginin.